Daga Ɗan Aike Zuwa Wayar Gilashi: Tarihin Hanyar Saƙo a Suleja

In ka ɗebe tsadar abinci da rashin wuta, babu maganar da ta fi yawa a majalisun unguwarmu kamar maganar sabis. Mai POS na kuka da shi, ɗalibi mai cike fom na kuka da shi, haka uwar da ɗanta ke Legas ko Saudiyya take so ta ga fuskarsa a waya amma hoton ya daskare. Tambayar kowa ɗaya ce: yaya za a yi muna maƙwabtaka da babban birnin ƙasa, mu tafi da safe mu dawo da yamma, amma intanet mai ƙarfi ya gagare mu?

Amsar wannan tambaya tana da tarihi, kuma tarihin ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba. Wanda ya bi shi zai ga abu guda yana ta maimaituwa. Kusanci bai taɓa kawo wa Suleja hanyar saƙo ba. Hanya takan bi ta gefenmu ne za ta wani wuri, sai an tashi an buɗe mata ƙofa sannan take shigowa.

Garin da masu ƙaura suka kafa

Mu da iyayenmu suka zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara da sauran wurare, ya kamata mu tuna cewa garin nan ma asalinsa ƙaura ce. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yo kudu, ya sauka a ƙasar Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825, ɗan uwansa Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja, ya gaje shi. Shi ne ya kafa gari a bakin kogin Iku a 1828, garin ya ɗauki sunansa, Abuja. Shi ya sa har gobe sarautar garin nan Sarkin Zazzau ce.

A wancan zamani saƙo da ƙafa yake tafiya, ko a bayan doki. Sarki yana da manzanninsa, malamai suna rubuta wasiƙa da Larabci ko ajami, talaka kuwa sai dai ya ba da sallahu. Labarin duniya fatake ke kawo shi. In ayari ya sauka a zango, a nan ake jin wane sarki ya rasu, ina ake yaƙi, nawa kanwa take a arewa, nawa goro yake a kudu.

To amma a shekarun farko garin a rufe yake, saboda gabar da ke tsakaninsa da masarautun da ke kewaye. Sai a zamanin Sarki Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, aka fara ciniki da Bida da Zariya. Wannan shi ne darasi na farko. Hanyar fatake tana nan tun da, ba Abu Kwaka ya share ta ba. Abin da ya yi shi ne ya yarda ta shigo gari, kuma da ta shigo, haja da labari suka shigo tare.

Muhimmancin hanyar ne ma ya jawo wa garin Turawa. A 1902 suka mamaye Abuja, hujjarsu kuwa ita ce ana tare hanyar ciniki da ta haɗa Lakwaja da Zariya. Tarihin waɗannan shekaru yana nan a rubuce, domin 'ya'yan garin biyu, Hassan Dallatun Abuja da Shu'aibu Na'ibi, sun rubuta shi da Hausa, aka fassara shi zuwa Turanci a 1952.

Waya ta bi bariki

Turawa sun zo da wayar tangaraho. Tun 1886 aka haɗa Legas da Ingila da waya ta ƙarƙashin teku. Da Gwamna Lugga ya mayar da hedikwatarsa Zungeru a 1902, a nan cikin Jihar Neja ta yau, waya ta bi shi. Amma ba don talaka aka ja ta ba. An ja ta ne don Razdan ya ji daga Gwamna, soja ya ji daga hafsansa. Inda akwai bariki da tashar jirgi, nan waya take zuwa.

Jirgin ƙasa kuwa bai biyo ta nan ba. Layin dogo da ya tashi daga Baro ya bi ta Minna ya isa Kano a 1911. Minna ta girma a kan dogo, Abuja ta zauna a gefe. Ko dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ba shi da tasha a garin nan.

Abin da ya iso ga talaka a wancan zamani shi ne gidan waya da kan sarki, sai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, sai kuma rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Rediyo ya yi wa iyayenmu rana ƙwarai, don ba ya buƙatar waya ko titi, batir kawai. Sai dai shi ji ake yi, ba a mayar masa da magana. Wanda ke son gida su san yana lafiya sai ya aika gaisuwa a karanta a shirin Zaɓi Sonka, ko ya je tasha ya ba direba wasiƙa. Wanda bai iya rubutu ba ya ɗauki muryarsa a kaset ya aika. Manyanmu da yawa sun ji rasuwar iyayensu ne bayan an yi sadakar bakwai.

Wayar tarho kuwa ta gwamnati ce da manyan attajirai. A 1960 layukan tarho a duk Najeriya ba su kai 19,000 ba. An kafa kamfanin NITEL a 1985, amma har zuwa 2001 layukan da ke aiki ba su wuce wajen 400,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100.

Suna ya tafi, jama'a suka zo

Ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sanar cewa za a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. A ranar ce kuma aka ƙirƙiri Jihar Neja. Mafi yawan ƙasar da aka yanka wa sabon birnin daga wannan ɓangaren ta fito, kuma sunan ma na garin nan aka ɗauka. Tsohuwar Abuja ta koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979.

Daga nan aka fara gina Abuja. Hukumar raya birnin, FCDA, a Suleja ta fara kafa sansaninta, shi ya sa har yau muke da wurin da ake kira Field Base. Magina da direbobi da 'yan tireda da mahauta da masu sayar da hatsi suka yi ta kwararowa. Yawancin unguwanninmu na baƙi a wannan lokaci suka cika. Da gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamban 1991, sai tsadar haya ta turo ƙananan ma'aikata nan. Rusau da aka yi a birnin cikin shekarun 2000 ya ƙaro wasu dubbai.

Ga inda matsalar take. A Abuja sai da aka zana titi da magudana da hanyar waya kafin a ɗora bulo. A nan kuwa gidaje ne suka riga titi. Mutum ya sayi fili ya gina, na bayansa ya gina a jikinsa, aka bar lungun da ko kura ba ta wucewa sai da dabara. Ba wanda ya yi haka da mugun nufi, matsuwa ce. Amma wannan gini na jiya shi ne yake wahalar da shigowar wayar intanet a yau.

Shekarar da waya ta shiga aljihu

An kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, a 1992. A Janairun 2001, zamanin Shugaba Obasanjo, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi a kan dala miliyan 285. A Agustan shekarar kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Da farko layi kaɗai yakan kai naira dubu ashirin ko fiye, kira kuma naira 50 a minti, ko da gaisuwa kawai ka yi ka kashe. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya fara sauka.

Duk mun tuna 'yan lema a bakin titi da bakin kasuwa, da teburi da waya ɗaya, ana layi ana kira. Mun tuna shagunan intanet, inda ake sayen awa guda, rabinta ya tafi wajen jiran shafi ya buɗe. Cikin shekaru kaɗan ɗan kasuwar da da sai ya hau mota zuwa Dawanau ya ji farashin masara ya koma ji daga shagonsa.

Me ya sa salula ta shigo unguwarmu da sauri haka, alhali tarho ya shekara ɗari bai shigo ba? Saboda ba ta buƙatar a ja waya zuwa kowane gida. A kafa ƙarfen sabis ɗaya, ya ɗauki unguwa guda, da lungunanta da komai. Irin sa'ar da rediyo ya samu ke nan. Wannan sauƙi ya sa muka ɗauka cewa intanet ma haka zai zo. A nan lissafin ya sha bamban.

Daga teku zuwa ƙofar gida

Intanet ɗin da ke cikin wayarka ba a iska yake tahowa daga Turai ba. Yana biyo wayoyi ne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, masu ɗauke da zaren gilashi siriri kamar gashi, wanda haske ke gudu a cikinsa. Shi ake kira faiba. Na farko da ya iso Najeriya shi ne SAT-3, wanda ya fara aiki a 2002. A 2010 aka samu MainOne, wanda ya taso daga Fotugal, da Glo-1 daga Ingila. WACS ya biyo baya a 2012, Equiano na kamfanin Google ya iso a 2022. Duk waɗannan a Legas suka fito tudu.

Mun ga shaidar haka da idonmu ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da huɗu daga cikin wayoyin nan suka lalace a tekun Kwaddibuwa. Abu ya faru a ƙasan teku a wata ƙasa, amma a kasuwar IBB taransifa ta ƙi tafiya.

Daga Legas sai an sake binne wata wayar gilashin a gefen manyan tituna, tafiyar fiye da kilomita 700, kafin ta iso wannan yanki. Daga babban titi kuma sai an ja reshe zuwa ƙarfen sabis, ko zuwa gida da ofis kai tsaye. Abin ya yi kama da ruwan famfo. Dam na iya cika fal, babban bututu na iya wucewa ta bakin unguwa, amma in ba a ja ƙaramin bututu ya shigo ba, sai dai ka sayi na 'yan garuwa.

Wannan ne ya sa sabis ke yin kyau da asuba ya lalace bayan magariba. Ƙarfin da ke kan ƙarfe ɗaya rabawa ake yi tsakanin duk waɗanda ke kansa a lokacin. Da rana rabin garin yana Abuja. Da dare kowa ya dawo ta Zuba da Madalla, kowa ya buɗe waya, sai tuwon ya yi kaɗan. Maganinsa a ƙara ƙarafa, a haɗa kowanne da wayar gilashi, a kuma samu wutar da za ta riƙe su. Galibinsu da dizal da batir suke kwana, shi ma yana cikin abin da muke biya a kuɗin data.

Alkawuran gwamnati da inda aka tsaya

Gwamnatin tarayya ta yi tsari na farko na yaɗa intanet mai sauri daga 2013 zuwa 2018, da burin ya kai kashi 30 cikin ɗari na jama'a, kuma an cim ma haka. Tsari na biyu, na 2020 zuwa 2025, an ƙaddamar da shi lokacin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa. Burinsa kashi 70 cikin ɗari, da saurin megabit 25 a birane da 10 a karkara, da gigabait ɗaya a kan abin da bai wuce naira 390 ba. Wa'adin ya cika ana wajen rabin jama'a, kuma galibin wannan rabin ta wayar hannu ne, ba wayar da aka ja zuwa gida ba. Farashi kuwa, a Janairun 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin ɗari.

Babban abin da ya daɗe yana kawo cikas shi ne kuɗin izinin haƙa, wato abin da jiha ke karɓa kafin kamfani ya binne waya a gefen titinta. Tun 2013 aka amince a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai. Jihar Ekiti naira 4,500 take karɓa kafin ta sauko 145 a 2020. Lissafa ka gani: kilomita ɗaya a tsohon farashin naira miliyan huɗu da rabi ne, a sabon kuwa dubu 145, tun ba a sayi waya ba, ba a biya lebura ba. Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya a 2020, Jihar Neja ma ta sanar da yafe nata a 2024, zamanin Gwamna Umaru Bago. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar gilashi a faɗin ƙasa, ta kuma sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.

Akwai kuma intanet na tauraron ɗan adam, Starlink, da ya shigo Najeriya a 2023. Shi ba ruwansa da haƙa, amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin gidajenmu, sai dai in an haɗa hannu.

Abin da ke kan faranti

Wani zai ce, to, ai intanet na masu kallon bidiyo ne. Da haka ne da ba mu ɓata takarda ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an riga an ci rabinsa. A 2020 da aka rufe makarantu saboda korona, 'ya'yan masu intanet a gida sun ci gaba da karatu, namu suka zauna. A ƙarshen shekarar aka ce a haɗa layi da lambar NIN. A farkon 2023 da takardun kuɗi suka ɓace saboda canjin naira, mai shayi da mai kayan miya sai da suka koma jiran alat. Neman aikin gwamnati, shiga soja, fasfo, kujerar Hajji, kuɗin da ɗa ke aiko wa uwarsa, duk sun koma wannan hanya. Unguwar da ba ta da ita za ta riƙa biyan kuɗin mota don ta je ta yi abin da wasu ke yi daga ɗakinsu.

Namu aikin

Jiha ta buɗe ƙofarta, saura tamu. Kamfani ɗan kasuwa ne kamar mu. Yana lissafa mita nawa zai haƙa, gida nawa za su biya, da kuma ko za a bar kayansa lafiya. Waɗannan abubuwa a hannunmu suke.

Na farko, mu ƙidaya kanmu. Ƙungiyar ci gaban unguwa, tare da mai unguwa, ta rubuta gidaje da shaguna da makarantu da ɗakunan shan magani da ke shirye su biya kuɗin wata. Mutum ɗaya in ya je ofis roƙo ya je yi. Takarda mai sunaye ɗari biyu kuwa ciniki ce.

Na biyu, kada a tare ma'aikata a ce sai sun biya kuɗin ƙasa. Abin da gwamna ya yafe, bai kamata matasanmu su dawo da shi a bakin lungu ba. Kamfanin da aka tare sau ɗaya unguwar gaba zai nufa.

Na uku, mu tsare abin da aka riga aka kawo. Duk mai haƙa kwalbati ko tushen shago a bakin titi ya tambaya ko akwai waya a ƙasa. A kuma faɗa wa masu sana'ar gwangwan, waɗanda da yawansu 'yan uwanmu ne, cewa wayar gilashi ba ta da tagulla a ciki. Wanda ya yanke ta ba abin da zai sayar, sai dai ya katse unguwa guda ya kuma jawo wa kansa shari'a.

Na huɗu, duk lokacin da za mu yi aikin gayya na magudana ko gyaran layi, mu bar hanyar da waya za ta bi. Bututun roba da aka binne yau da kuɗi kaɗan zai hana a fasa siminti gobe.

Na biyar, mu fara da wuri guda na kowa da kowa. Yadda muke haɗa kuɗin taransifoma da rijiyar burtsatse, haka za mu iya haɗa na intanet mai ƙarfi a makaranta ɗaya, da 'yan kwamfutoci da sola, inda yara maza da mata za su koya kafin ranar jarrabawa. A ware wa matan aure lokacinsu, don da yawansu sana'arsu ta cikin gida ta waya take tafiya.

Na ƙarshe, mu koyi kai ƙara inda ya dace. In ka kai kuka ga kamfaninka ba a share maka hawaye ba, NCC tana da layin 622 na kyauta don haka. Ƙorafin da aka rubuta shi ake ƙirgawa, na majalisa kuwa a majalisa yake kwana.

Kakanninmu sun jira ayari, iyayenmu sun jira direba. Dogo ya wuce garin nan ba a tambayi kowa ba, don ba mu da ta cewa a lokacin. Wannan karon hanyar tana bakin titi, kuma 'yan mitocin da suka rage tsakaninta da ƙofofinmu mu ne za mu sa a haƙa su ko a fasa. Allah Ya ba mu haɗin kai, Ya sa 'ya'yanmu su amfana da ita ta hanyar alheri.